Injin Naɗin Zaren Inna

Maigidana yana da rumfa a bakin titi a Boɗinga, inda yake yi wa masu shaguna allon suna. Yawancin aikinsa da wata irin roba ce mai kauri, wadda ake ganin abin da ke bayanta tas, shi ya sa muke ce mata robar gilashi. Daga Sakkwato yake sayo ta falle-falle, ya yanka haruffa, ya manna. Guntayen da suka rage ba ya iya zubarwa. A buhu yake tarawa ya kawo gida, har buhunan suka cinye rabin ɗakin da keken ɗinkina yake. Ni tela ce, kayan mata da na yara nake ɗinkawa a cikin gida. Na san yadda zubar da ƙyalle yake da ciwo, don haka ban cika yi masa magana ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Shagari tare da Baba. Shi manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani. Ita kuwa zare take sayarwa. Takan sa a sayo mata manyan ƙwarƙwaron zaren ɗinkin hula, ta zauna ta naɗe shi kaɗan-kaɗan a jikin guntayen kara, matan unguwa masu ɗinkin hula su aiko a saya musu launin da suke so. Haka na tashi na ganta, hannunta yana juyawa ba hutu, ko tana hira ko tana jin rediyo.

Wata shekara, bayan an cire albasa, na je gida na yi 'yan kwanaki. Sai na lura Inna takan yi naɗi kaɗan ta ajiye, ta kama wuyan hannunta ta matsa, ta shafa man zafi, sannan ta ci gaba. Na ce ta bar sana'ar nan haka nan, ai mu 'ya'yanta muna raye.

"In bari in yi mi?" ta ce. "In zauna ina kallon bango? Ke dai miƙo min shuɗin can."

Da na dawo Boɗinga na ba maigidana labari muna cin tuwo. Sai ya wanke hannu ya ɗauko wayarsa ya nuna min wani hoto mai motsi da ya taɓa ajiyewa. Wani mutum ne ya haɗa fayafai masu haƙora da irin robarmu, yana murza babba da hannu, babban yana tura ƙarami, ƙaramin yana gudu kamar zai tashi.

"Kin ga wannan? Giya ke nan, irin ta cikin mota. In muka sa kara a bakin ƙaramin, Inna murzawa kawai za ta yi a hankali, zare ya naɗe kansa."

Na ce, "Malam, kai da duk abin da ka taɓa yi a bango ake kafe shi ya zauna wuri ɗaya?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "To wannan karon za mu yi mai motsi. Amma fa sai da ke, ni kaɗai ba zan iya ba."

Haka muka fara. Yakan dawo daga rumfa bayan la'asar, mu shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, mu zazzage buhu guda muna zaɓen guntaye masu kauri. Yanka da'ira bai ba shi wahala ba, aikinsa ne. Raba haƙora daidai ne ya tsaya mana. Na farko da ya zana da ido, wani haƙorin ya fito ƙato, wani siriri, wani ya karkace, har na ce wannan ai bakin tsohuwa ne. Sai na tuna yadda nake raba tattarar siket. Na yanko takarda siririya, na zagaye da'irar da ita, na ninka biyu, na sake ninkawa, na yi ta ninkawa har gaɓoɓin suka yi ƙanana. Da muka warware, kowane layin ninki ya zama wurin haƙori guda. Shi yana yanka da ƙaramin zarto, ni ina bi da magagari ina gyara bakin. Farin garin robar yakan cika min zane da gira. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Mun daɗe da aure, amma kowa da sana'arsa, shi a rumfa, ni a ɗaki. Ranar nan ce farkon da muka sa hannu a abu ɗaya muna gardama a kansa.

Mun ɗauka da an gama haƙora an gama aiki. Ashe ɗora giya a kan sanda shi ne aikin. Ga babbar, ya ciro sandar ƙarfe daga wata tsohuwar fanka da ta mutu. Ga ƙaramar kuma ya samo siririn ƙarfe a wurin mai gyaran babur. Ya huda tsakiyar babbar giyar, ya sa hudar ta ɗan matse don kada sanda ta yi sako-sako, ya ɗora ta a kan turmi, ya ɗauki guduma.

"A hankali dai," na ce.

"Ai taɓawa kawai zan yi."

Ya taɓa. Muka ji ƙas! Tsaga ta tashi daga tsakiya har baki, giyar da muka yi ta fama da ita ta rabu biyu a kan turmi. Ya tsaya da guduma a hannu, bakinsa a buɗe. Na so in yi masa jaje, amma da na ga fuskarsa sai dariya ta ƙwace min, na yi ta yi har na kwanta a tabarma. Shi ma daga baya ya biye min. A nan muka gane robar nan ba ta son dole. Katako kana buga masa abu ya buɗa ya karɓa, ita kuwa sai ta fashe.

Muka yanka wata. Wannan karon ya buɗa hudar, sanda ta shige salin-alin. Da ya murza, sandar ta yi ta juyawa abinta, giya tana zaune tana kallonmu. Ya ɗiga mata gam mai kamawa nan take. Gam ɗin ya bar farin tabo kamar hazo a jikin robar, kuma da aka murza da ɗan ƙarfi ya saki. Kwana biyu ba mu taɓa aikin ba.

Ina ɗinki da hantsi sai idona ya kai kan wilin kekena, wanda nake juyawa da hannu kullum ban taɓa tambayar yadda aka kafe shi ba. Na kwance shi na duba. Ashe an yi wa wilin wuya mai kauri, kuma akwai abin da ke riƙe shi da sandar don kada ɗaya ya juya ya bar ɗaya. Da maigidana ya dawo na ja shi ɗaki tun bai cire takalmi ba.

"Zo ka ga. Tamu ba ta da wuya, shi ya sa ba ta da abin kamawa."

Ya durƙusa ya daɗe yana dubawa. Washegari ya yanka ƙananan da'irori, ya liƙa su a kan juna a tsakiyar giyar har suka yi tudu, da irin gam ɗin da yake haɗa haruffa, wanda ba ya barin tabo. Ya kai sandar wurin wani maƙwabcinsa mai walda ya huda ta ta gefe. Sai muka huda wuyan robar daidai wurin, muka zira ƙaramar ƙusa ta ratsa roba, ta ratsa ƙarfe, ta fito ta ɗaya gefen, muka lanƙwasa bakinta. Shi ke nan, duk inda sanda ta juya giya tana biye da ita.

Hudar kanta sai da muka koya. In ya danna injin huda da sauri, robar takan yi zafi ta narke ta kama bakin ƙarfen, ko ta tsage ta ƙasa lokacin fita. Sai ya riƙa sa katako a ƙarƙashi, yana tafiya sannu-sannu, ni kuma ina tsugune da buta ina ɗiga ruwa a wurin. Wani lokaci ruwan ya fallatso masa a fuska, ya ce da gangan nake yi. Wani lokacin kuwa da gangan ɗin ne.

Sai bango biyu na roba da sandunan za su zauna a tsakaninsu. Ya huda kowanne daban, ya auna da kyau a ganinsa, amma da muka haɗa sai sandar ta karkace, giya tana tafiya tana ɗingishi kamar akuyar da ta taka ƙaya. Muka sake yanko wasu, muka haɗa su fuska da fuska, muka ɗaure da salatif, ya huda su lokaci guda. A cikin kowace huda muka sa guntun bututun biro don ƙarfe kada ya riƙa cin robar. A tsakanin giya da bango kuma na yanko 'yan zobba daga wata tsohuwar jakata ta fata, don kada su riƙa gugar juna.

Abu na ƙarshe da ya ba mu wuya shi ne tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu. In sun matsu da yawa sai su cije, ko motsi ba sa yi. In sun yi nisa sai haƙora su riƙa tsallake juna suna kaf-kaf. Maigidana ya mai da hudar ƙaramar sandar doguwa, yadda za a iya matsar da ita gaba ko baya. Muka sa 'yar takarda a tsakanin haƙoran, muka tura ƙaramar har ta dafe, ya ɗaure noti, sannan muka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ne daidai. Na goga kyandir a bakin haƙoran.

"Bismillah," ya ce. "Ke za ki fara."

Na kama mariƙin, wanda muka yi da guntun muciya, na murza. Babbar ta tafi a natse, ƙaramar ta kwasa da gudu, sautinsu ƙir-ƙir-ƙir, mai laushi, ba cijewa ba tsallake. Kuma da yake bangon duk robar gilashi ne, kana ganin kowane haƙori yana shiga gurbinsa yana fita. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk kumfar wanki.

"Lafiya? Wa ya haihu?"

"Inji muka haifa," in ji maigidana. "Ki shigo barka."

Ranar da za mu kai shi Shagari na naɗe shi da sabon zane, na rungume shi a cinya a cikin bas. Duk ramin da direba ya faɗa sai in ƙara ƙanƙame shi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta satar kallon ƙunshin, can ta kasa haƙuri ta ce in buɗe wa yaron fuska ya sha iska. Na ɗaga gefen zanen. Ta leƙa, ta ja baya, ta ce, "Ikon Allah!" Har muka sauka tana tambaya ko yana yin markaɗe.

A zaure muka tarar da Baba yana gyaran igiya. Maigidana ya cire takalmi ya durƙusa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da mutanen Boɗinga. Sannan na ajiye ƙunshin na kwance.

"Wanga fa mi ne ne?" Baba ya tambaya.

"Allah shi daɗe da ranka, giya ce muka haɗa wa Inna," in ji maigidana, kansa a ƙasa.

Baba ya ajiye igiyar. "Giya? A gidana? Da girmana da hurhurata?"

Maigidana ya rikice, ya fara rantse-rantse yana cewa ba ta sha ba ce, ta inji ce, irin ta mota. Ni na san Baba, na ga gemunsa yana rawa. Sai da ya bar surukinsa ya yi gumi sannan ya fashe da dariya, ya jawo injin gabansa. Ya murza sau ɗaya ya tsaya. Ya sake murzawa a hankali, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa robar.

"Kai! Babba na tahiya sannu, ƙarami na gudu. Kuma ba su ɓoye komai ba, ga shi ina gani."

Da ƙyar na karɓe shi na shiga da shi cikin gida. Maigidana ya zauna a zaure, don Inna tana jin kunyarsa ƙwarai. Tun da aka yi aurenmu, daga bayan ƙofa take amsa gaisuwarsa, ba ta taɓa zama inda yake ba.

Inna ta dubi injin ta ce yana da kyau, irin yadda ake yaba abin da ba a sa ran zai yi amfani ba. Na ɗauko kara guda na zira a bakin ƙaramar sandar, na ɗaura zare, na murza. Sandar ta juya, karan ya tsaya cak. A Boɗinga da kara ɗaya muka yi ta gwaji, wanda ya dace da bakin. Na Inna kuwa kowanne da kaurinsa. Na koma zaure da gudu na faɗa wa maigidana. Ya ce a naɗa salatif. Na dawo na naɗa, bai yi ba. Na sake komawa. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida, ina kai tambaya ina kawo amsa, har Baba ya ce in kawo masa injin da karan duka.

Ya duba bakin sandar, ya duba totuwar da ke cikin karan. Ya tashi ya ɗauko dutsen da yake wasa lauje, ya ce wa maigidana ya ciro masa sandar. Ya zauna ya wasa bakinta har ya yi tsini, ya kuma yi masa gefe-gefe kamar bakin mashi. Da aka mayar, sai kawai a soka karan, tsinin ya nutse cikin totuwa ya riƙe gam, ko mai kauri ko siriri.

Na koma ciki. Inna ta gyara zama, ta kama mariƙin, sai ta saki. Ita bahaguwa ce, mu kuwa a dama muka sa shi. Na koma zaure na faɗa wa maigidana, ya ce sai an kwance duka an juya sandar, a ba shi zuwa gobe. Kafin in dawo Inna ta ɗaga injin ta juya shi, gaba ya koma baya, mariƙi ya dawo hagunta. Na tarar har ta fara.

Zaren da ta fara da shi ja ne. Tana murzawa da hagu, 'yan yatsunta na dama suna kai zaren gaba da baya a jikin karan, shi kuwa yana ta kumbura a gabanmu. Kafin in gama gyara ɗaurin ɗankwalina ya cika. Ta cire, ta juya shi a tafin hannunta, ta latsa ta ji ya yi tauri yadda take so. Ta soka wani. Da ta cika na uku sai ta fara dariya, irin dariyar da take yi har ta rufe baki da gefen mayafi. Ta miƙe, ta nufi ƙofar zaure, ta tsaya daga ciki inda ba za su haɗa ido ba, ta ɗaga murya.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi ba ka masu yi maka."

Maigidana ya ce min daga baya bai san abin da ya amsa ba. Ni dai na ji yana ta "amin, amin, Inna."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Mata suka yi ta shigowa, wasu da kwanon cefane a hannu, kowace tana so ta murza. Masu sayen zare suka ce a naɗa musu a gabansu su gani. Inna ta zauna a tsakiya tana ba da umarni, wannan ta yi a hankali, waccan ta cire hannunta daga haƙora. Aka dafa mana shinkafa da wake da man gyaɗa da albasar gonar Baba, muka ci muka yi nak.

Kwana muka yi. Da safe na fito na tarar da Baba a tsakar gida, wurin da ba ya zama da hantsi, shi ne ke murzawa, Inna tana riƙe da zare. Idonsa ba ya kan karan, yana kan giyoyin. Yana ƙara sauri, yana ƙara sauri, har zaren ya tsinke.

"Malam, ka ga abin da nike hwaɗi ko? Ba tseren doki a kai ba," in ji Inna.

"To ƙulla, ƙulla. Wannan karon sannu za ni yi."

Bai yi sannu ba. Sau da yawa zaren yana tsinkewa, tana mita tana ƙullawa, shi yana ba ta haƙuri yana dariya. Da muka zo tafiya ya raka mu har bakin hanya, abin da bai saba ba. Can ya ja maigidana gefe, ya yi ƙasa da murya, amma ina ji.

"Wanga na uwarku ne, ta hana ni sakewa da shi. Ko za a samu wani? Ba sai yana aikin komai ba. Shi dai shi juya."

Mun yi masa. Wannan karon ba mu fasa ko ɗaya ba. Giyoyi da yawa muka jera, manya da ƙanana, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowace a kan sandarta da ƙusarta, wata tana bin dama wata hagu. Ni na raba haƙoran duka, kuma ni na ɗaure notin ƙarshe. A zaure Baba ya ajiye shi, a kan wata 'yar kujera kusa da buzunsa. Zuwana na baya na tarar da shi da abokansa dattawa uku sun kewaye shi bayan sallar la'asar, suna gardama a kan dalilin da ya sa koriyar take juyawa saɓanin jar. Ɗayansu ya ce in zo in raba musu. Na durƙusa na gaishe su, na ce su sa ido a inda haƙoran suke haɗuwa, sannan na kama mariƙin na murza musu a hankali.